Shiga kantin kayan wasanni da bindiga a Amurka: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Shekara shida na yi a bayan kanta, a sashen farauta na wani babban kantin kayan wasanni a gefen Houston, jihar Texas. Tun daga lokacin, duk wanda ya sauka garin nan daga gida ya ga bature da bindiga a ƙugu yana gwada takalmi, lambata ake ba shi. Bayan sallar Juma'a a tare ni, a wurin suna a tare ni, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsoshin nan. Don Allah a karanta kafin a kira ni.

Wai da gaske kantin da ke sayar da ƙwallo da keke yana sayar da bindiga?

Da gaske. A wurinsu farautar barewa da agwagwa wasa ce kamar kamun kifi. Manyan kantuna irin su Academy da Bass Pro Shops da Cabela's duk suna da sashenta.

To tunda suna sayarwa, ai kowa na iya shiga da tasa?

A'a. Gidan mai ma fetur yake sayarwa, amma bai yarda ka shigo da wuta ba. Kanti na mai shi ne, shi ke faɗin wanda zai shiga da abin da zai shigo da shi.

Da bizar karatu na zo. Zan iya riƙe bindiga a kanta in duba, ko da ba saye zan yi ba?

Ƙanena, cire hannunka. Wannan tambayar ta fi sauran tayar mini da hankali, shi ya sa na kawo ta kusa. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar ɗan lokaci, ta karatu ce ko ta ziyara ko ta aiki, mallakar bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan yanayi, kamar wanda yake da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Kuma a idon doka mallaka ba sai ka biya kuɗi ba, riƙewa ma tana iya shiga ciki. Wanda takardunsa suka ƙare kuwa, babu lasisin da zai fitar da shi.

Ku nemi labarin Hamid Rehaif, ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke karatu a Florida. Makaranta ta sallame shi, izinin zamansa ya faɗi, ya je filin koyon harbi ya yi harbi, aka yanke masa ɗaurin wata 18. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2019 kafin aka ce dole masu gabatar da ƙara su nuna cewa ya san matsayin takardunsa. Kai wa zai kai maka taka Kotun Ƙoli? Iyayenka sun sayar da fili sun turo ka karatu. Ka tsaya ta wannan gefen gilashi ka kalla da ido.

Mai katin zama na dindindin hukuncinsa daban, yana iya saye idan ya cika fom mai lamba 4473 kuma binciken FBI, hukumar bincike ta tarayya, ya wanke shi.

Ba kundin tsarin mulkinsu ne ya ba da dama ba?

Gyara na biyu da aka yi wa kundin a 1791, mai magana kan 'yancin riƙe makami, hannun gwamnati ya ɗaure, bai ɗaure na mai kanti ba. Ku daina karanta wa manaja tsarin mulki a bakin ƙofa.

Mene ne waɗannan alluna masu lambobi da ake mannawa a ƙofa?

A Texas lambobin sassan doka ne, kuma kowanne da wanda yake magana da shi. Allon 30.06 yana hana mai lasisin ɗaukar bindiga shiga da bindigar da ya ɓoye a jiki. Na 30.07 yana hana mai lasisi shiga da wadda ake gani a fili. Na 30.05 kuwa na wanda ke ɗauke da ita ba tare da lasisi ba ne, abin da jihar ta halatta wa 'yan shekara 21 zuwa sama tun 1 ga Satumba, 2021. Allon 30.06 da na 30.07 dole a rubuta su da Turanci da Sifaniyanci, da haruffan da ba su gaza inci ɗaya ba. Idan ka wuce allon, tara ce da ba ta wuce dala 200 ba. Idan aka faɗa maka da baki ka fita ka ƙi, laifin ya hau mataki, yana iya kaiwa ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 4,000.

Wannan na Texas ne kawai. A Illinois ma allo yana da ƙarfin doka. A Florida allon shi kaɗai ba ya kai mutum kotu, amma ƙin fita bayan an umarce ka, kana ɗauke da makami, babban laifi ne. Kada ka ɗauki karatun jiha ɗaya ka shiga da shi wata.

An ce babban kantin Walmart da kantin kayan wasanni na Dick's sun hana bindiga gaba ɗaya.

Ba haka ba ne, an cakuɗa labari biyu. Bayan harbin da aka yi a Walmart na El Paso ranar 3 ga Agusta, 2019, wanda ya ci rai 23, shugaban kamfanin na lokacin, Doug McMillon, ya roƙi masu sayayya su daina shigowa da bindiga a fili, kamfanin kuma ya daina sayar da harsasan ƙananan bindigogi. Wadda mai izini ya ɓoye a jikinsa ba a sauya tsarinta ba. Dick's kuma nasu matakin kan sayarwa ne: bayan harbin makarantar Parkland a Fabrairun 2018 suka daina sayar da bindigogi samfurin na yaƙi, suka mayar da shekarun mai saye 21, daga baya suka rufe sashen farauta a ɗaruruwan rassansu.

Ina da lasisi, bindigata tana ƙuguna da harsashi a ciki. Ina son in sayi sabon kube in gwada ko zai shige ta, wata rana kuma in kawo doguwar bindigata a ɗaura mata madubin hange. Yaya zan yi?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Amsarta ba ɗaya ba ce, sai ka yi haƙuri da ni.

Galibin manyan kantunan farauta bindiga iri biyu suke gani tana shigowa, ko da kai a wurinka duk naka ne. Akwai wadda ka ɗauko don tsaron kanka, tana cikin kube, ba za ta fito ba har ka koma gida. Akwai kuma wadda ka kawo don a yi mata wani abu: gyara, musaya, sayarwa, ɗaura madubi. Ta farko, a wurare da yawa, idan dokar jihar ta yarda kuma babu allo, ba wanda zai kula ka. Ta biyu kusan ko'ina sai an duba ta a ƙofa. Matsala tana faruwa ne a daidai lokacin da mutum ya mayar da ta farko ta zama ta biyu a tsakiyar kanti, wato ya sa hannu ya zaro.

Doguwar ta fi sauƙi. Ka buga waya tukuna, ka ce a haɗa ka da sashen bindigogi, ba mai amsa waya na gaba ba, domin sau da yawa shi bai san tsarin ba. Ka cire harsashi tun a gida, ka zare gidan harsashin, ka buɗe ta ka leƙa da ido, ka sa yatsa ka taɓa. Ka sa ta a akwatinta, harsashi kuma ya zauna a gida. Da ka shiga ƙofa ka gaya wa ma'aikacin farko cewa bindiga ce a akwatin kuma babu komai a ciki. Kada ka buɗe da kanka. Wasu wuraren za su zura mata igiyar roba ko su kulle kunamar, wasu ma'aikaci ne zai ɗauka ya raka ka har kanta. Ba raini ba ne, kowa haka ake masa.

Ta ƙugu kuwa, kada ta fito. Kube yana zuwa da sunan bindigar da ya dace da ita a rubuce a jikin leda, don haka in ka san samfurin taka, ka gama. In dole sai an gwada, ka ce su ɗauko irinta daga cikin gilashi, ko ta roba da wasu kantuna ke ajiyewa don haka. In babu, ka koma gida ka dawo da ita wata rana babu harsashi, a cikin akwati, kamar yadda na faɗa kan doguwar. Wasu za su ce ka fita ka cire harsashin a mota ka dawo. Ni ba na son wannan shawarar, ko da yake akwai kantunan da ke yarda. Mutum a takure a kujerar direba, yana sauri, yara na wucewa da iyayensu a gefen mota, nan ne yatsa ke zamewa. Barin ta a mota ma ba tsira ba ce, ɓarayi sun san motocin da ke gaban irin waɗannan kantuna. In ya zama dole, a ƙaramin akwatin ƙarfe mai kulle da aka ɗaure a jikin motar.

Wata rana wani dattijo ya zaro tasa ya ɗora mini a kanta, bakinta na kallon cikina, yana cewa babu komai a ciki. Na juya ta gefe na ja, harsashi ya faɗo ya gangara ƙasa. Mutumin kirki ne, kuma ya yi imani da abin da ya faɗa. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Sai wasu abubuwa da ke iya sauya duk abin da na faɗa. Idan kantin yana cikin babban rukunin shaguna, mai ginin yana iya samun tasa dokar da ta fi ta kantin tsauri. Reshen kamfani ɗaya a wata jiha yana iya yin wani tsarin daban. Sannan tufafinmu: in ka sa kaftani, bindigar ɓoyayya ce, amma da ka ɗaga shi don ciro walat daga aljihun wando ta bayyana, a wurin da wataƙila an manna 30.07. Ka mayar da walat aljihun gaba.

Na ga wani da bindiga a rataye ina tare da yarana. In kira 911, lambar kiran gaggawa?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Idan tana cikin kube, hannunsa na kan keken sayayya, a Texas wannan ba laifi ba ne. In zuciyarki ba ta natsu ba ki gaya wa manaja, ko ki ja yaranki ki fita, babu wanda zai ga laifinki. In tana hannunsa yana nuna mutane, ki fita tukuna sannan ki kira, kuma ki faɗi abin da idonki ya gani kawai, kada ki ƙara ko kalma ɗaya.

Dalilina shi ne John Crawford, baƙar fata ɗan shekara 22. Ranar 5 ga Agusta, 2014, a Walmart na Beavercreek a Ohio, ya ɗauki bindigar iska daga kan shiryayyen kayan kantin yana tafe yana waya. Wani ya kira 'yan sanda ya ce yana nuna mutane da bindiga, suka zo suka harbe shi ya mutu. Ku gaya wa samarinku: ko ta wasa ce, in ba a cikin kwalinta take ba, kada su yi yawo da ita a kanti.

Ka san mutanen wurin, ka saya mini da sunanka mana.

Ba zan yi ba, kuma kada ka roƙi kowa. Fom ɗin yana tambaya ko kai ne ainihin mai saye. Saya wa wanda doka ta hana, tun 2022, yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15.

In saka ɗaya a kwantena in aika gida saboda 'yan bindiga?

Na san abin da ke ci maka rai, ni ma ina da 'yan'uwa a ƙauye. Amma a'a. Laifi ne a nan, laifi ne a can, kuma wanda zai je karɓar kayan a tashar jirgin ruwa ta Legas shi za ka fara jefawa.

Babu allo a ƙofa, amma manaja ya ce in fita. Ina da lasisi fa.

Ka fita, Alhaji. Kada ka yi gardama, kada ka kai hannu ƙugu ko don ka ciro lasisin. Ka ce to, ka ajiye kwandon sayayyar, hannayenka a inda kowa ke gani, ka nufi ƙofa. In kana da ƙorafi ka rubuta wa kamfanin daga gida.