Mutum-mutumin goshin jirgin ruwa a Amurka: tambaya da amsa

Wai menene shi wannan abun?

Itace ne ake sassaƙawa a kafa shi can gaba a goshin jirgin ruwa, zamanin jiragen da iska ke turawa. Wani siffar mace, wani soja, wani gaggafa, yawanci dai yana nuni ne da sunan jirgin. William Rush na Philadelphia, wanda ya rasu 1833, yana cikin gwanayen masassaƙan.

Bauta masa suke yi ne?

A'a, ado ne da alama, ko wanda bai iya karatu ba yana hango shi ya gane jirgin. Matuƙa kam suna da camfinsu a kai. Har siyasa ta shiga, a 1834 an kafa siffar shugaban ƙasa Andrew Jackson a jirgin yaƙi Constitution a Boston, garin da ba sa ƙaunarsa, wani Samuel Dewey ya lallaɓa cikin dare ana ruwan sama ya sa zarto ya yanke kan.

Me ya kashe sana'ar?

Jiragen ƙarfe masu injin tururi. Masassaƙan suka koma yin mutum-mutumin ƙofar shagon taba, tsofaffin jirage kuma aka farfasa su, itacen da ya sha ruwan gishiri shekara da shekaru ya ruɓe.

To ya aka yi aka adana tarihinsu?

Nan ne abun ya fi burge ni gaskiya. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, gwamnatin shugaban ƙasa Roosevelt ta ɗauki masu zane da suka rasa aiki a wani shiri mai suna Index of American Design, daga 1935 zuwa 1942, suka bi gidajen tarihi da gidajen mutane suna zana kayan hannun talakawa da fentin ruwa, barguna ne, tukwane ne, harda waɗannan sassaƙe-sassaƙen, zane wajen 18,000. Kuma ba sa gyara komai fa, inda fenti ya ɓare ko itace ya tsage haka za su zana shi.

Me ya hana su ɗaukar hoto kawai?

Hoto mai kala bai yi ƙwari ba lokacin, baƙi da fari kuma ba zai nuna launin ba.

Ina za a gan su yanzu?

Zanen suna gidan adana zane-zane na National Gallery of Art a Washington. Na itacen kuma akwai su a gidan tarihi na Mystic Seaport, sai Mariners' Museum a jihar Virginia inda gaggafar jirgin Lancaster take, fukafukanta sun haura ƙafa 18.