Waiwaye: Yadda Hayaƙin Narka Ƙarfe Ya Sauya Kama

Muhawarar da ake yi kan tilasta wa masana'antun narka ƙarfe su sabunta na'urorin tace hayaƙi ta shafi Bauchi da Gombe kai tsaye, domin manyan motoci ba sa daina fita daga nan da lodin tsofaffin ƙarafa da matattun batura, ga kuma kiraye-kirayen a riƙa sarrafa dalma da tutiyar yankin Alkaleri a gida. Sai dai lamarin ya daɗe yana tafe.

Narka ƙarfe tsohuwar sana'a ce a ƙasar Bauchi, kufan tandunan tama ma suna nan a dajin Yankari. Doka ce ta zo daga baya. Sharar gubar da aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, ta maye gurbinta a 2007, sannan aka fitar da ƙa'idojin masana'antun ƙarafa a 2011, shekara guda bayan gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne sauyin da aka samu a abin da ake zubawa cikin tanda. Bayan farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a watan Oktoban 1985, haƙar ma'adinai a tsaunukan Jos ta ƙara durƙushewa, sannu a hankali kuma harkar narka ƙarfe a ƙasar nan ta koma kan kayan 'yan jari bola. Ma'adinin da aka tono an san abin da ke cikinsa, amma tsohon ƙarfe yana zuwa ne da fenti da baƙin mai da roba, wani lokaci har da ɓaraguzan batir. Idan wuta ta kama wannan haɗi, dalma da tutiya sukan tashi su zama ƙura mai tsananin laushi da ke wucewa har cikin huhu, ita kuwa na'urar da ke juya iska don ta zubar da ƙura, manyan ƙwayoyi kawai take iya kamawa. Tsawaita bututun hayaƙi ma, kamar share ɗaki ne a tura sharar ƙofar maƙwabci. A ganina nan ne matsalar ta yi saiwa: kayan narkawa sun canza, kayan tacewa suka tsaya inda suke.

Matatar jakunkunan ƙyalle tana kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙurar idan ana kula da ita, amma sai da rumfar zuƙo hayaƙi a bakin tanda, da wutar lantarkin da ba ta yankewa, da wurin adana ƙurar da aka tara, wadda ita ma guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da ba ya cutarwa, musamman ga ƙananan yara. Masu ƙera tukwane da ke narka alminiyum a tsakiyar unguwanni kuwa, ko bututun ma yawancinsu ba su da shi.