Auna illar gini ga muhalli: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Wai me ake aunawa?

Simintin da aka ci, rodi, ruwa, man janareta, baraguzai da inda aka zubar da su, sai wutar da ginin zai sha bayan an tare. Shi ke nan.

Na dasa itatuwa a ƙofar gini, bai isa ba?

Bai isa ba. Allah ya ba da lada, amma dogon yaro biyar ba zai mayar da yashin da tifa ta kwaso daga gaɓar kogi ba.

Me ya sa kullum siminti kuke zargi?

Domin kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga yin siminti take. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin digiri 1,450, dutsen da kansa yana sakin iskar, ban da makamashin da aka ƙona. Kai kuma ka bar buhu talatin a ƙasa raɓa ta daskarar da su. Haba malam!

Doka ta tilasta?

A Najeriya, dokar 1992 ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin a fara manyan ayyuka irin su hanya da madatsar ruwa. Kafin, na ce. Mai ɗaki biyu, kwantar da hankalinka.

To, laka ko bulo?

Nan kam ba zan yanke maka ba. A awon kabon laka ta fi, domin ba a gasa ta, kuma sau da yawa a kusa ake haƙo ta. Katanga mai kauri tana riƙe sanyin dare, shi ya sa soron cikin birnin Kano ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano daɗin zama a watan Afrilu. Amma fa idan filinka fadama ne, ko babu mai yin yaɓe kafin damina, gidan da ya zube aka sake ginawa ya ci kaya sau biyu. Kududdufin da aka bari bayan haƙar ƙasa ma yana cikin lissafi. Wasu kan yi harsashi da siminti, su ɗora tubalin ƙasa da aka matse da inji, a zuba masa siminti kaɗan. Yana yi, in ƙasar ta dace, in kuma maginin ya iya. A gwada ƙasar tukuna.

Ina bukatar LEED ko BREEAM?

Waɗannan takardun shaida ne da ake ba ginin da ya kula da muhalli. BREEAM ta Ingila ce tun 1990, LEED ta Amurka, kuma duka suna da tsada. EDGE, ta hukumar IFC, wani reshe na Bankin Duniya, ta fi sauƙi: a rage kashi 20 cikin 100 na wuta, ruwa da iskar kabon da yin kayan gini ke fitarwa, idan aka kwatanta da ginin da aka saba yi.

Ban ajiye rasit ba, za a iya auna mini?

Da me? Sayi littafi, ba wa mai gadi, ya rubuta kowace tifa, kowace tankar ruwa da kowace jarkar man dizal da ta shigo daga gobe.