Tambayoyi da amsoshi kan rainon fan a tukunya a Legas

Tun da na jera tukwane a barandar gidan da nake haya a Agege, duk wanda ya hau benen sai ya tsaya ya yi tambaya. Wasu maƙwabta ne, wasu kuwa 'yan'uwanmu ne masu gadi a Ikoyi da Lekki, waɗanda masu gida ke tafiya su bar musu shuke-shuke amana. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake ce musu.

Malam, wai mene ne fan ɗin nan?

Haka masu sayar da furanni a bakin titi suke kiransa, kada a haɗa shi da fanka. Tsiro ne mai ganye tsaga-tsaga kamar gashin tsuntsu, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Sabon ganyensa yana fitowa a naɗe, kamar ƙadandoniya idan an taɓa ta, sannan ya riƙa warwarewa a hankali. Danginsa sun haura iri 10,000, kuma sun riga duk wani tsiro mai fure zuwa duniya. Mu 'yan Arewa ba mu taso da shi ba saboda ƙasarmu ta yi masa bushewa, sai dai tsofaffin masu magani sun san agugu, saiwar wani danginsa da ake kawowa don tsutsar ciki. A nan Kudu kuwa ciyawar Allah ce. Ka ɗaga kai ka dubi jikin bishiyar kwakwar manja a hanyar Epe ko Badagry, za ka gan shi ya yi tsiri-tsiri yana lilo, ba wanda ya shuka shi.

Wane iri zan fara da shi?

Wanda ake kira fan na Boston, mai dogayen ganye masu zubowa ta gefen tukunya. An gano shi a 1894 cikin kayan shuka da aka kai birnin Boston na Amurka, kuma ɗan'uwa ne na kusa ga wanda ke jikin kwakwarmu. Yana da haƙuri, ko ka manta da shi kwana biyu zai yafe maka. Akwai mai faɗin ganye kamar ƙaramar ayaba, da ake ce wa sheƙar tsuntsu, shi ma ba ya da wuya, illa kada ka zuba masa ruwa a tsakiyar cibiya don ruɓewa yake yi. Akwai mai ganye kamar ƙaho mai rassa, wanda ake ɗaurawa a katako ko jikin bishiya. Amma mai ƙananan ganye da baƙin kara siriri kamar gashi, kyansa ya kai kyau, rigimarsa ta fi kyan. Yini guda ƙasarsa ta bushe, ya tafi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Wata Hajiya a Idi-Araba ta ce: na sa nawa a falo, kullum ina ba shi ruwa, amma bakin ganyen sai ƙonewa yake, yana zuba a kan tayil. Me na yi masa?

Hajiya, da na tambaye ki inda yake, kin ce ƙarƙashin iyakwandishan. To ga mai laifin nan. Aikin na'urar ke nan ta tsotse damshin da ke cikin iska, shi ya sa take ɗigar da ruwa a bayan gida. Shi kuwa fan da damshin iska yake rayuwa. Abin dariyar shi ne Legas ta riga ta yi mana rabin aikin. Wannan gumin da ke manna mana riga a jiki tun ƙarfe tara na safe, wanda muke ta mita a kai, shi Turawa ke sayen na'ura su ƙirƙira wa fan a ɗakunansu. Mu mun same shi kyauta, sai mu ɗauki tsiron mu kai shi ɗaki ɗaya tilo da babu shi.

Ki fitar da shi baranda, ko banɗaki mai taga. Yana son haske, ba ya son rana ta dake shi kai tsaye. Hantsin safe ta tagar gabas ba komai, amma ranar la'asar ta yamma tana toya ganyen cikin kwana kaɗan. Ni ma da na farko haka na yi. Da tunanin gonar gero na zo, na ce ai shuka sai da rana, na ɗora shi a kan katanga. Mako guda ya koma kamar tsintsiya. Idan dole kina son sa a falo don baƙi, ki ajiye tukwane biyu, suna karɓa-karɓa mako-mako.

Sau nawa ake ba shi ruwa?

Ba a ƙirga kwana, yatsa ake sawa. Ka nutsa gaɓa ɗaya a ƙasar. In ka ji sanyi da laima, bar shi. In saman ya fara bushewa, zuba har ruwa ya fito ta ƙasan tukunya. A Yuni da Yuli, lokacin da sama ba ta ɗagawa, sai ka yi kwanaki ba ka taɓa shi ba. A Fabrairu da Maris kuwa wataƙila kullum. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba saurin bushewa, amma ta fi barin saiwa ta sha iska, ni ita na fi so. Kowace ce dai, dole a huda ta. Kuma kada a bar ruwa ya kwana a farantin da ke ƙarƙashi, saiwa za ta ruɓe, ga sauro ka yi wa gida.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. A wasu unguwannin Lekki da Ajah ruwan burtsatse yana da gishiri-gishiri, wani har ja yake bari a bokiti. Gishirin yana taruwa a tukunya, ka ga fari-fari a bakinta, ganye ya fara ƙonewa daga tsini. Ruwan sama ya fi komai. In babu, tari wanda iyakwandishan ke ɗigarwa, ba gishiri a cikinsa, a ƙalla ta biya bashin abin da ta sata.

Zan iya ɗebo ƙasar bayan gida in sa masa kashin kaji?

A'a. Ƙasar da ke daskarewa kamar bulo tana shaƙe shi. Haɗa baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, da zaren ɓawon kwakwa ko ɓuntun shinkafa, ka marmasa gawayi kaɗan a ciki. Ɗanyen kashin kaji wuta ne a wurinsa. Kashin shanu da ya daɗe ya ruɓe ya zama gari, cikin tafi ɗaya ya isa. Fan ba maciyi ba ne.

Wani ƙanina mai gadi ya kira ni hankali a tashe: Yaya, cuta ta kama shukar Madam, bayan ganyen duk ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, na fara kankarewa da reza!

Na ce ya ajiye rezar nan tukuna ya juya ganyen ya gaya mini abin da ya gani. Ya ce ɗigon a jere suke, layi biyu, hagu da dama, kamar an tsara su da allura. Na ce to ba cuta ba ce, haihuwa ce. Tun da fan ba ya fure, a cikin waɗannan ɗigo yake tara wani gari mai laushi kamar ƙura, iska ta kwashe shi, inda ya faɗa a damshi ya tsira. In kana son ka gani, ɗora ganyen da ya nuna a kan farar takarda ka bar shi ya kwana, da safe za ka tarar da zanen ganyen da garin. Lafiyayyen tsiro ne ke yin haka.

Ƙwaron gaske ba ya bin layi. Za ka gan shi a warwatse, har a jikin kara, wani kamar ɓawon ƙurji, wani fari kamar auduga, ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Wannan ka yanke ganyen da abin ya yi yawa, ka goge saura da auduga da ɗan sifirit, ka wanke da ruwa. Kada ka fesa maganin sauro ko na gona, ganyen fan ba ya jurewa. Da damina kuma ka ɗaga tukunyar da dare da tocila, dodon koɗi na son sabon toho. Shi kuwa mai ƙahon nan, busasshen faifan da ke gindinsa ba datti ba ne, da shi yake tara abinci da ruwa, kada a ɓamɓare.

Da hunturu fa?

Na Legas bai kai na gida ba, amma daga Disamba zuwa Janairu za ka ga canji. Matsa tukwanen kusa da juna, nesa da inda iska ke kaɗawa, ka wanke ƙurar ganyen da safe. Abin da ya bushe ka datse shi daga gindi, zai sake tohowa.

Yaya zan mai da ɗaya ya zama biyu?

Ka jira farkon damina, wajen Afrilu. Zazzage shi daga tukunya, sa wuƙa mai kaifi ka raba dunƙulen saiwar gida biyu ko huɗu, kowane da ganyensa, ka dasa a inuwa. Na Boston yana kuma miƙo wasu zarurruka marasa ganye. In ka kwantar da ɗaya a kan ƙasa mai laima ka danne da ɗan dutse, sai ya yi ɗa. Na sheƙar tsuntsu ba ya rabuwa, cibiyarsa ɗaya ce.

Zan iya kai wa Inna tsarabarsa Kano?

Za ka iya, da damina zai yi mata kyau. Daga Nuwamba ne za a san ko zai zauna. Ta ajiye shi a gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, rana ba ta kaiwa, ta kuma tsare shi daga awaki. A mota kada ka bari a ɗaure shi a kan kaya, ka naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu ka riƙe a ƙafarka.