"Ekspres" da "tagwayen hanya": ma'anarsu, da abin da ke ƙarƙashin kwaltar titin Kano zuwa Abuja

A tashar Unguwa Uku ko ta Na'ibawa za ka ji direba yana cewa, "Da mun hau ekspres sai Zariya." A rediyo kuma ana cewa "tagwayen hanya". Yawancin mutane sun ɗauka kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi, amma a wurin masu aikin titi akwai bambanci, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

Tagwayen hanya titi ne mai hannu biyu: hannun masu tafiya daban, na masu dawowa daban, da fili ko ginin kankare a tsakani da ya raba su. A ma'aunin da aka saba yi wa titunan tarayya, kowane hannu yana da layi 2, faɗin kowane layi mita 3.65, wato mita 7.3 ke nan a haɗe. A gefen dama ana barin mita 2.75 domin motar da ta lalace ta samu wurin raɓewa, a gefen ciki kuma mita 1.5. Babban amfanin wannan tsari shi ne kawar da taho-mu-gama, domin mai son wuce tirela ba sai ya shiga hannun masu tahowa ba.

Ekspres kuwa tagwaye ne da ƙari. Sharaɗinsa shi ne ba a hawa ko sauka daga kansa sai a wuraren da aka keɓe. Babu shatale-tale, babu danja, babu wani titi da zai ratsa shi kai tsaye, sai dai ya bi ta gadar sama ko ta ƙasa. Ana killace shi da shinge saboda dabbobi da masu tafiya a ƙafa, ba a cin kasuwa a bakinsa, ba a yin lodi a kansa. Titin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 1978 shi ne na farko da aka yi wa wannan suna a Najeriya.

In aka ɗora titin Kano zuwa Abuja a kan wannan sikeli, tagwaye ne, bai cika ekspres ba. Duk wanda ya ratsa Kura da yamma, ko Kwanar Gafan a lokacin tumatir, ya ga kwanduna jere har bakin kwalta da 'yan Adaidaita Sahu suna juyawa inda suka ga dama, ya san haka. Wannan yana da nasaba da gudu. Dokar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa a kan ekspres, motar haya 90, tanka da tirela 60. Amma da titin ya shiga cikin gari, ƙa'idar ƙaramar mota ta koma 50, ko da kwaltar ta yi sumul kamar faranti.

Titin wani yanki ne na babbar hanyar tarayya mai lamba A2, tsawonsa daga Zuba zuwa Kano kusan kilomita 375. Daga Kano ana fita ta Na'ibawa, a haye gadar Tamburawa, a bi ta Karfi, Kura, Kadawa, Ciromawa, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, sai Zariya, kilomita 137. Daga Zariya a bi ta Jaji da Rigacikun a shiga Kaduna ta Kawo, kimanin kilomita 73. Kashi na ƙarshe shi ne mafi tsawo, kimanin kilomita 165, ta Rijana, Katari, Jere, Tafa, har Zuba. A takardun kwangila daga Abuja ake fara ƙirga, shi ya sa Zariya zuwa Kano ake kira kashi na 3.

A Disamban 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba kamfanin Julius Berger aikin gyara titin a kan kusan naira biliyan 155. A 2021 aka mai da shi aikin sake gini baki ɗaya, kuɗin ya kai kusan biliyan 797. Cikin kuɗin da aka zuba har da wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. A Mayun 2023 aka ƙaddamar da ɓangaren Kaduna zuwa Kano. A Nuwamban 2024 ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin minista David Umahi ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, aka sake bayar da ragowar aikin da tsarin kankare.

To me ya sa "gyara" da "sake gini" suka bambanta a kuɗi haka? Saboda baƙar kwaltar da ido ke gani fata ce kawai. Titin gaskiya yana ƙasa.

Ana fara aiki da katafila, ta kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwa da ciyawa, domin ba ta ɗaukar nauyi. Inda hanya ta ratsa fadama, kamar yankin noman rani na Kura da Kadawa, sai an haƙe tabon an zubar, an yi ciko da ƙasa mai kyau har titi ya ɗara gonakin gefe tsayi. Ciko ba a jibge shi lokaci ɗaya. Tifa ta zuba, gireda ta baje shi kauri kamar santimita 15 zuwa 20, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta daɓe, a gwada, sannan a ƙara wani a kai. Ruwan yayyafin ma da ƙa'ida: in ya yi kaɗan ƙasa ba ta kama jikinta, in ya yi yawa rola ta hau sai ka ga ƙasar tana lotsawa tana tasowa kamar ƙullun alkama. Tun a wannan mataki ake binne kwalbati, ba bayan an shimfiɗa kwalta ba.

A kan cikon sai burji, wato jar ƙasa mai marmara, santimita 15 zuwa 20. A kansa fasasshen dutse, shi ma kusan kaurin haka, kuma shi ne ƙashin bayan titi. Sai a fesa ruwan kwalta ya ratsa ya toshe ƙofofin dutsen. Daga nan kwalta hawa biyu: ta ƙasa mai manyan tsakuwa kamar santimita 6, ta sama mai ƙananan tsakuwa kamar santimita 4. Ana shimfiɗa ta da zafinta, wajen digiri 140 zuwa 160. Shi ya sa ake lulluɓe tifar da ke ɗauko ta da tamfol. In ta huce a hanya, rola ba za ta iya matse ta ba, sai ta bar ƙananan ramukan iska da ruwa zai samu mafaka a ciki. Ana kuma ɗan karkata saman titin, santimita 2.5 a kowace mita, don ruwan sama ya gangare maimakon ya kwanta.

A aikin Kaduna zuwa Kano an yi amfani da wata dabara: maimakon a zubar da tsohuwar kwalta, inji ya kankare ta ya niƙa, aka gauraya da ɗan siminti da ruwa da sabuwar kwalta da aka mai da kumfa, aka mayar ƙasa a matsayin harsashi. An rage fasa sabon dutse, an rage zirga-zirgar tifofi.

Abu biyu ne suka fi kashe titi, ruwa da lodi. Tsaga kamar zare ta isa. Ruwan Agusta ya bi ta ciki ya jiƙa burji, tirela ta hau ta matso shi waje tare da lallausar ƙasa, ƙarƙashin kwalta ya zama kogo, washegari rami. In ka ga saman titi ya tsattsage kamar bayan kada, ciwon daga ƙasa yake, faci ba zai yi magani ba. Magudanar ruwa da aka cika da shara ko aka toshe don a samu wurin ajiye teburin sana'a ita ma tana jawo haka.

Batun lodi kuma lissafinsa ya fi ban tsoro. Injiniyoyi sun gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya (wato tayoyin hagu da dama da ƙarfe ɗaya ya haɗa) sau 2, ɓarnar da yake wa titi ba sau 2 take ninkuwa ba, kusan sau 16 ne. Ƙa'idar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 a kan layin tayar da ke tura mota. Tirelar siminti ko ta hatsi da aka yi wa lodin son rai ita ke barin kwarin nan biyu na sawun taya a layin dama na titi, inda za ka ji sitiyari yana fizga. Ga kuma man gas da ke ɗiga inda manyan motoci ke kwana a bakin titi, irin Tafa: narkar da kwalta yake yi, tsakuwa ta saki. Ƙona taya a kan titi ma haka.

Kankare ba ya jin tsoron man gas, kuma zafin Afrilu ba ya sa shi laushi. Ana shimfiɗa rodi a saƙe, a zuba kankare kauri kamar santimita 20, a riƙa jiƙa shi, domin sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. In aka saki manyan motoci a kai kafin ya nuna, ya tsage tun yana jariri. Ya fi tsada a farko, ya fi ƙarar taya, kuma in ya fashe gyaransa ya fi na kwalta wahala, sai an yanke an fasa an sake zubi.

Akwai kuma ma'aunin da masu sayen fili a hanyar Zariya ya kamata su riƙe: mita 45.72 daga tsakiyar titin tarayya, hagu da dama, filin hanya ne a doka. Shago ko gidan mai da aka gina a cikin wannan tazara yana cikin layin rusau ranar da za a faɗaɗa titi ko a yi masa hanyar gefe ta 'yan gari.