Gidan iyali a tsakiyar Kano: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Gine-gine sai tashi suke, me ya sa ba a samun gidan iyali?

Filaza ake ginawa. Ka bi titin Zoo Road ko Fagge ka ƙirga: shaguna a ƙasa, ofisoshi da sito a sama. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana ba da shago fiye da goma a ƙasa kaɗai, kowanne da kuɗin hayarsa. Gidan iyali kuwa sai an bar tsakar gida da zaure da madafi, kuma babu ɗaya cikinsu da ke kawo haya.

To ciki da falo fa?

Na ango da amarya ne. Da an yi haihuwa ta biyu ya yi kaɗan.

Gwamnati ba ta gina gidaje ba?

Ta gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, duk a bakin gari. Tambayar tsakiyar gari kuka yi.

Na samu gida mai ɗaki biyu a saman filaza kusa da kasuwa, ina da mata da yara huɗu. In kama?

Ya danganta, kuma kada ka biya dillali la'ada sai ka je sau biyu, da rana tsaka da kuma bayan isha'i. Ruwa za ka fara tambaya. Mutum shida, a kan lita 50 kowa, lita 300 ke nan a rana, wato jarka 12 mai lita 25. Tankin lita 1,000 kwana uku zai yi muku, shi ma in ba ku haɗa shi da masu shaguna ba. In babu rijiyar burtsatse, 'yan garuwa suna ƙara kuɗi a kan hawa bene, wasu ma ba sa hawa. Sai matakala: idan ta cikin shaguna ta bi, maiɗakinka da 'yan matanka kullum ta gaban maza za su ratsa, kuma ka tambaya wa ke riƙe da makullin ƙofa in an tashi kasuwa. Ƙarfen baranda ka auna shi, tazarar da ta wuce inci 4 kan yaro yana shiga. Ka nemi a nuna maka sokawe, domin wanda aka haƙa don banɗakin 'yan shago ba ya ɗaukar wanka da wankin iyali, wari ne zai fara sanar da kai. Ka duba inda ake ajiye janareto da abin da ake sayarwa a ƙarƙashinka. Katifa, yadi ko gas, da matakala guda ɗaya, ni ban ba ka shawara ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba a manta da ita ba. In ƙofarku daban, mitar wutarku daban, ruwa tabbas, yaran kuma sun ɗan tasa, ana iya zama shekara ɗaya ko biyu. Da mai rarrafe kuwa, ka sake tunani.

Dillali ya ce za a gyara bayan na shiga.

A rubuta a takardar haya, da rana, da shaidu. Ba a rubuta ba, ba a faɗa ba.

In filazar tawa ce, zan iya rushe shagunan baya in mai da su gida?

Sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da takardun fili masu kyau a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen jihar. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma kun ga rusau na 2023 a Filin Idi da otal ɗin Daula.

Ke nan sai dai mu koma bakin gari?

Ba abin kunya ba ne, Alhaji. Rijiyar Zaki, Hotoro, Ɗorayi, duk akwai gidaje masu tsakar gida. Ka dai haɗa kuɗin adaidaita sahu na wata, naka da na yara zuwa boko da Islamiyya, a kan hayar kafin ka ce ta yi sauƙi. In fili za ka saya, ka guji awon igiyar da ba a bar hanyar mota da kwata ba.