Kwangilar ƙaninka ta zo teburinka: tambayoyi kan bitar ɗa'ar ma'aikata

A ma'aikatun Najeriya akan tara ma'aikata lokaci zuwa lokaci a yi musu bita kan ɗa'ar aiki. Babin da ya fi tayar da gardama shi ne na yanayin da buƙatar ma'aikaci ta ƙashin kansa ke cin karo da aikin da aka damƙa masa.

Idan ban ci ko sisi ba, ina laifina?

Nan ne mutanen kirki da yawa suke faɗawa. A ce kana cikin kwamitin tantance 'yan kwangilar gyaran azuzuwa, sai ga kamfanin ƙaninka cikin masu nema. Wataƙila ma shi ya fi kowa iya aikin, farashinsa kuma ya fi sauƙi. Duk da haka zamanka a kujerar nan matsala ne, domin babu wanda zai iya tabbatar da abin da ya rinjayi alƙalaminka, har da kai kanka. Sauran 'yan kwangila za su tafi suna cewa an yi sanayya, kuma ba ka da abin da za ka ƙaryata su da shi. Haka abin yake wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma, da rabon filaye ko rumfunan kasuwa.

Wace doka ce ta hana?

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar. Sakin layinsa na farko ya hana jami'in gwamnati jefa kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. A lura, tsayawa a wurin ma an hana, tun kafin a kai ga maganar cin kuɗi. Dokar ta hau kan kowa, daga shugaban ƙasa har ma'aikacin ƙaramar hukuma, da 'yan sanda, sojoji da malaman jami'o'in gwamnati. A harkar kwangilolin tarayya kuma akwai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007.

Albashi ba ya kai ƙarshen wata. Ba ni da damar taɓa sana'a?

A takarda, ma'aikacin dindindin ba shi da izinin tafiyar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta. Noma kaɗai aka ware. Kowa ya san ba haka ake zaune ba: malamin makaranta na da shagon tireda, akawu na kabu-kabu da yamma. A ganina dokar ta yi tsauri a kan ƙananan ma'aikata, kuma dokar da kowa ke takawa kullum kwarjininta zubewa yake yi, har manyan masu laifi su samu wurin fakewa. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne daraktan da kamfaninsa ke kawo wa ma'aikatarsa takardu da kujeru.

Dabarar yin rajistar kamfani da sunan uwargida ko ɗan ɗaki ba ta fitar da mutum. Jadawalin ya ce wanda ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko amintacce, shi ya aikata.

To kyauta fa? Mutum ya kawo ragon Sallah, in kore shi?

Ya danganta da wanda ya kawo. An yarda ka karɓi kyauta daga dangi da abokai, gwargwadon al'ada da lokacin da aka saba, kamar gudummawar biki ko suna. Amma kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati, doka na ɗaukarta a matsayin toshiyar baki har sai ka tabbatar da akasin haka, wato nauyin kawo hujja na wuyanka. Abin da aka miƙa maka a taron hukuma kuwa na ofis ne, ba na kaiwa gida ba.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan ma'auni. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya tura wani sahabi karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Ka tambayi kanka ko ragon zai zo bayan ka yi ritaya.

Wa ke ba da wannan horo, kuma yana amfani?

Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wato CCB, tana wayar da kai musamman kan bayyana kadarori. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, wadda aka kafa a 2000, tana da makarantar horo a Keffi ta jihar Nasarawa, da ƙananan sassan sa ido kan cin hanci da ake kira ACTU a cikin ma'aikatun tarayya.

Amfanin kuwa ya rataya ne a kan yadda aka yi bitar. Wadda ake kama zauren otal, a karanto sassan doka, a raba jaka da alawus a watse, ba ta canja komai. Ma'aikaci ya riga ya san cin hanci haramun ne. Abin da bai iya ba shi ne amsar da zai ba baffansa idan ya ce, "Yaro, takardun ɗan'uwanka suna ofishinka, ka duba zumunci." Ko abin da zai yi idan oga ya turo 'yar takarda da sunan wanda yake so a ɗauka. Bita mai ma'ana ita ce wadda ake kawo irin waɗannan misalai a tattauna, kuma manya su zauna a ciki, ba su buɗe taro su fice ba. ACTU ma tana da nata rauni: membobinta ma'aikatan gidan ne, ƙarin girmansu na hannun wanda ake so su sa wa ido.

Na tsinci kaina a ciki. Me zan yi?

Ka rubuta wa shugabanka cewa kana da alaƙa da mai neman, ka ajiye kwafi, ka janye daga zaman, a rubuta janyewar a bayanan taro. Kada ka koma gefe kana bugun waya. Wannan ma rufin asiri ne a gida, don kana iya ce wa baffa fayil ɗin ya bar hannunka, kuma gaskiya ka faɗa.

Fom ɗin bayyana kadarori fa, akwai wanda ya taɓa shiga uku a kansa?

Ana cike shi lokacin kama aiki, sannan duk shekara huɗu, da kuma lokacin barin kujera, har da dukiyar 'ya'yan da ba su kai 18 ba kuma ba su yi aure ba. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na iya sauke mutum daga muƙami, ta hana shi riƙe ofis har shekara goma, ta ƙwace dukiyar da ya tara da kujerarsa, kuma afuwar shugaban ƙasa ba ta shafi wannan hukunci.

Manya biyu aka fi tunawa. An gurfanar da Bukola Saraki a 2015 yana shugaban majalisar dattawa, Kotun Ƙoli ta sallame shi a 2018. A 2019 kotun ɗa'ar ta samu Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen da laifi kan asusun bankin da bai bayyana ba, a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Duka shari'o'in biyu an yi ta zargin akwai siyasa a cikinsu. Fom ɗin da jami'ai ke cikewa kuwa a rufe yake a hannun hukumar, talaka ba ya iya zuwa ya duba abin da shugaban ƙaramar hukumarsa ya ce ya mallaka.